Nonon Ladi

Ku 'ya'yana kun tashi kuna ganin takardun shaida biyu a bangon falo, ɗaya ta likitancin yara, ɗaya ta ilimin cututtukan gado, kuma duk baƙon da ya shigo sai kun ja shi kun nuna masa. Ban taɓa hana ku ba. Amma yanzu ƙafa ta yi nauyi, ido ya fara gardama da ƙaramin rubutu, ba na so in tafi in bar ku da rabin labari. Takardun nan a tafiya ɗaya na samo su, kuma akwai wadda tafiyar ta cinye ba tare da ta taka ko tashar jirgi ba. Ita ce Ladi, matar ƙanina Sale ta farko, wadda kuke kira Goggon Makoɗa.

Ni ne ɗan farin Inna, kuma a ƙauyenmu na wajen Bagwai ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Kawu a birni, can na yi wayo, can na shiga boko. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah. “Na birni” take ce mini, shi ma sai ta kau da kai. In na zo hutu na durƙusa gaishe ta, amsar a taƙaice take, amma kwanon tuwona ya fi na kowa man shanu. Tsakanina da Sale shekara bakwai ne, bayansa mata biyu. Gidajenmu kuwa a manne suke, gonar wannan tana shiga ta wancan, kuma in ka bi kowane gida baya kaɗan sai ka tarar da kaka ɗaya. Inna da Baba dangi ne. Ladi ma jikar ƙanin kakanmu ce, daga wani ƙauye kusa da Makoɗa. Ita da Sale sun so juna tun suna yara, ba wanda ya tura wani.

Shekarar da nake ba ku labari tana cikin shekarun nan da komai ya tsaya cak. Taki ya gagari manomi, mai ya zama sai an kwana biyu a layi, a asibitin koyarwa inda nake aiki a ɗakin yara har auduga sai mun rubuta wa uwa ta je ta sayo. Sale yana noman rani a madatsar ruwa ta Watari, tumatir da albasa, yana fama. Amma ba wannan ne ya hana gidanmu dariya ba. 'Ya'yansa biyu sun koma, kuma duka hanya ɗaya suka bi. Jariri zai zo kamar kowa, ya yi ɓulɓul, a sha suna. Wata huɗu zuwa biyar sai a ga wuya ya ƙi tsayawa, ƙafafu sun saki, kuka ya zama siriri. Ido kuwa tar, yana bin uwarsa duk inda ta yi, har da murmushi. Daga nan haɗiya ta gagara, numfashi ya dawo ciki, kafin a kai ga yaye sai a ɗauke shi a tabarma. A wannan shekarar 'yarsa ta uku, Amina, ta shiga wata na biyar, wuyanta ya fara lanƙwasa.

A daidai lokacin ne takarda ta zo mini daga ƙasar Turawa. Sun ba ni gurbin horo wanda ya haɗa likitancin yara da ilimin cututtukan da ake gada daga iyaye. Na kai wa malamata, wata Farfesa tsohuwa mai kaifin baki wadda ta koya mini riƙe jariri. Ta karanta, ta cire tabarau, ta dube ni.

“Hanya biyu ce, Garba, kuma ba mai zaɓar maka. Ko ka zauna nan ka gama na yara tukuna, daga baya ka nemi gurbi ka je ka ƙaro na gado shekara biyu, in ƙofar tana nan a buɗe. Ko ka karɓi wannan ka haɗa su a tafiya ɗaya, shekara biyar ba waiwaye. Haɗawar ta fi sauri. Rabawar ta fi tsawo, wataƙila ma ba za ka taɓa samun rabi na biyun ba, amma kana kusa da mutanenka.”

“Ranki ya daɗe, in ke ce wanne za ki ɗauka?”

“Ni na tsufa da ɗaukar kaya. Abin da na sani, kai mutum ne mai son a ce ya sani. Ka kula da wannan halin.”

Na yi dariya, na ɗauka zolaya ce irin tata. Turawan sun ba ni wata guda in ba da amsa, sai na ce bari in je gida in duba Amina, in kuma ji bakin Baba.

Lokacin cirar gyaɗa ne na isa. Ina shiga gida na ga Amina a cinyar Inna, ana ɗura mata madarar shanu da ludayi, rabi yana shiga rabi yana bin wuya. Na tambayi ina uwarta, aka nuna mini bayan rumbu. A can ƙanwata ta raɗa mini abin da ya faru. Kwana uku kafin zuwana an kira ungozomar unguwa ta yi gwajin nono, irin wanda aka gada. An tatsi nonon Ladi a ludayi, aka jefa tururuwa a ciki. In ta iyo ta fito, nono lafiyayye ne. In ta mutu, mugun nono ne, shi ke kashe 'ya'ya. Tururuwar ba ta fito ba. Tun ranar aka raba Amina da ƙirjin uwarta.

Na tarar da Ladi tana ɓarar gyaɗa ita kaɗai. Ta ɗaure ƙirjinta tamau da tsohon zane, zanen ya jiƙe har ya yi taswira. Yarinyar da na sani da surutu da tsokana, wadda take ce mini allurata ta fi ta kowa zafi don mugunta, ta rame ta zama sai idanu. Ta gaishe ni, ta sunkuyar da kai, can ta ɗago.

“Yaya Likita, tsakaninka da Allah, nonona ne?”

“Ba nononki ba ne, Ladi. Nono ba ya yin haka. Kowace tururuwa aka jefa a madara tana iya nutsewa.”

“To ka faɗa a zaure. Ni in na faɗa, uwa ce take kare kanta. Sale in ya faɗa, a ce na shanye shi. Kai in ka faɗa, likita ne ya faɗa.”

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, zan faɗa. Kuma wallahi a lokacin da gaske nake.

A raina ina da zato. Na karanta cewa akwai cututtukan da sai uwa da uba duka suna ɗauke da irinsu a ɓoye, su kansu lafiya lau, amma in irin ya haɗu a jikin ɗa sai ciwo ya fito. Wannan ya fi yawa inda dangi ke auren dangi. In haka ne, to a baya an taɓa yi a zuriyarmu. Na ɗauko takarda na fara zana reshen gidanmu yadda na gani a littafi, na je na durƙusa daga bakin madafa inda Inna take tuƙa tuwo.

“Inna, haihuwa nawa kika yi?”

Ba ta dube ni ba. Ta ci gaba da juya muciya.

“Ku ne dai da ake gani.”

“Babu wanda ya koma yana jariri?”

Ta ce wa ƙanwata ta zo ta gyara wuta, itacen ɗanye ne, hayaƙi yana shigar mata ido. Ta miƙe ta shige ɗaki. Ni kuma na rubuta huɗu a takardata, na ja layi. Na bi sauran tsofaffin gidan, kowacce ta lissafa mini rayayyu kawai. Takarda ta fito fes, babu mutuwar jariri ko ɗaya a wajenmu. Zatona ya rasa ƙafar tsayawa.

Bayan la'asar na sami Baba a zaure, da Sale, da ƙannen Baba biyu, da limamin unguwa. Baba mutum ne mai adalci daidai saninsa, ba ya son Ladi da sharri, jikokinsa yake so su rayu. Na zauna a ƙasa, na fara magana. Har yau in na tuna kalmomin da na zaɓa sai in ji kunya ta rufe ni. Ban ce ba nono ba ne. Cewa na yi, ba lalle ne a ce nono ne ba.

“To in ba nono ba ne, mene ne?” in ji Baba.

“Ban san sunansa ba tukuna, Baba.”

“Ka tabbata ba nonon ba ne?”

“A likitance ba a cewa an tabbata sai an yi gwaji.”

“To ai mu mun yi namu gwajin, Garba.”

Sale ya zuba mini ido yana jira. Abin da ya rage in faɗa guda ɗaya ne: na tabbata, ku mayar mata da 'yarta, in kuma ciwon gado ne to daga jininmu duka yake. Amma takardata ba ta goyi bayana ba, kuma faɗa wa Baba a gaban ƙannensa da liman cewa jininsa ne yake kashe jikokinsa ya fi ƙarfin bakina. Sannan ga halin nan da Farfesa ta gani. Na ƙi jinin in tsaya gaban mutane in ce abu ban riƙe hujjarsa a hannu ba. Sai na ciro takardar Turawa daga aljihu, na ce ga inda ake koyar da sanin irin wannan ciwo, in na je zan dawo da sunansa. Baba ya ji daɗi, liman ya yi addu'a, aka shafa. Da haka na mayar da maganar Ladi ta zama maganar tafiyata.

Kada ku ɗauka ban auna ba. Na auna, kwana da kwanaki. In na raba horon, ina nan tafiyar rabin yini daga gida, duk ƙarshen wata ina zaure, ko ban iya warkar da Amina ba zan iya yi ta nanata magana ɗaya har ta shiga kunnuwa. In na haɗa, zan dawo da ilimin da babu mai shi a duk yankinmu. Na gaya wa kaina cewa na biyun ya fi amfanar mutane da yawa, kuma wannan ba ƙarya ba ne. Abin da na ɓoye wa kaina shi ne tafiyar ta fi mini sauƙi a kan komawa zauren nan. Ranar da zan koma birni Sale ya goya ni a babur zuwa tashar Bagwai. Da na sauka ya riƙe jakata bai saki ba.

“Yaya, in ka tafi wa zai tsaya mata?”

“Ai dominta zan tafi, Sale.”

Ya saki jakar. Ladi kuwa ba ta fito sallama ba, an ce mini tana bayan rumbu.

Abin takaicin, sunan da na tafi nema shekara biyar, a wata na takwas na same shi. Aka kawo wani jaririn Bature, wuya a sake, ido tar yana bin uwarsa. Na tsaya a kansa ina kallonsa. Malaminmu ya yi bayani kamar yana karanta labarin gidanmu: ciwo ne na jijiyoyin da ke motsa tsoka, rabin irinsa daga uwa, rabi daga uba, ba ruwansa da abin da jariri ya sha. A wancan zamanin ko su ba su da maganinsa. Ranar na rubuta wasiƙa mai shafi huɗu zuwa ga Baba. Ta yi saɓani da ta Sale a hanya. Tasa gajera ce, malamin firamare ya rubuta masa. Amina ta koma. Mata sun daina barin Ladi ta ɗauki 'ya'yansu, ko a gidan suna sai a janye jariri in ta matso. Ta tattara kayanta ta tafi gidansu, an yi ta kai da komo, daga ƙarshe Sale ya ba ta takardar saki yana kuka. Tawa wasiƙar da ta isa an karanta ta a zaure, Baba ya ce Allah ya yi wa Garba albarka, aka sa ta a akwati. Babu wanda ya kai ta Makoɗa. Ni ma ban rubuta wa Ladi ba, don a wajenmu namiji ba ya aika wa sakakkiyar matar ƙaninsa wasiƙa. Na bi wannan al'ada ban ko yi gardama da ita ba.

Sale ya sake aure, 'yar wani ɗan kasuwa baƙo da ba mu haɗa komai da su ba. Ta haifi maza biyu a jere, ƙarfafa, suna ta gudu a tsakar gida. Ni na san dalili, irin bai haɗu ba ne. Amma ga mutanen ƙauye magana ta ƙare: miji ɗaya, gida ɗaya, an canja nono 'ya'ya sun rayu. A shekara ta huɗu Baba ya rasu ban ga gawarsa ba.

Da na dawo, da Mamanku wadda ta biyo ni can, da babbarku a goye, muka je gida gaisuwa. Na zauna a tsakar gida ina yi wa Sale bayani da tsinke a ƙasa, ina zana yadda iri ke haɗuwa. Inna tana gefe tana tsince wake, kamar ba ta ji. Can sai ta kira Mamanku, ta sa ta zauna kusa da ita, ta yi magana da ƙarfin da zan ji, idonta a kan faifai.

“Zainabu, ki gaya wa mutumin naki, tsakaninsa da Sale akwai uku. Mace, namiji, mace. Duk haka suka yi, wuya ya ƙi tsayawa. Ni ma an tatse ni. Uwar mijina ce ta sa yatsa ta fid da tururuwar kafin kowa ya leƙa, ta ce ta fito da kanta. Ranar da aka tatsi Ladi ina tsaye a wajen. Hannuna ya ƙi zuwa.”

Ta share ido da bakin mayafi.

“Ya tambaye ni a madafa. Ta yaya zan ƙirga masa haihuwata, shi da ko sunansa ba na faɗa? Da wata macen ya aiko mini.”

Da wata na aika. Ƙanwata tana tsaye a wajen ranar, da ita na tura da an gaya mata. Na yi karatun da ya kai ni ƙetaren teku, amma na manta abin da kowace yarinya a ƙauyenmu ta sani, cewa uwa ba ta buɗe cikinta a gaban ɗan fari. Ban ga laifin Inna ba, tsoro da kunya suka ɗaure ta. Ni ba abin da ya ɗaure ni sai girman kai.

Washegari da hantsi na hau motar Makoɗa ni kaɗai. Na sami labarin Ladi ta yi aure, wani manomi mai haƙuri da matarsa ta rasu, Malam Idi. Ya karɓe ni da mutunci, ya shimfiɗa mini tabarma a ƙofar gida, ya ce ta fito. Ta fito da hannu duk mai, tana suyar ƙuli-ƙuli. Ta tsufa fiye da shekarunta. Muka gaisa, ta yi mini ta'aziyyar Baba, ta tambayi Inna, har Sale ta tambaya da 'ya'yansa. Sannan na faɗa mata komai: sunan ciwon, da yadda yake zuwa ta wajen uwa da uba tare, da ukun Inna, da yatsar kakarmu. Na ce nononta lafiyayye ne, tun farko lafiyayye ne, kuma ranar Juma'a zan tsaya a ƙofar masallacin garinmu in faɗa kowa ya ji. Ta saurara har na gama ba ta katse ni ba.

“Yaya Likita, ka san na sake haihuwa?”

Na ce ban sani ba.

“Namiji. Usman. Wuyansa ya tsaya, Yaya. Har zama ya fara, yana jan gemun babansa.”

“Yana ina?”

“Ban ba shi nono ba ko sau ɗaya. Malam ya yi ta roƙona, na ƙi. Na ce wannan dai ba zan kashe shi ba. Madarar shanu nake ba shi da koko. Nono yana zuba ina ɗaure shi, yaron yana laluben ƙirjina ina juya masa baya. Da bazara zawo ya kama shi. Kwana huɗu.”

Zawo. Ciwon da nake warkarwa kullum a ɗakin yara tun kafin in san hanyar filin jirgi, ciwon da nonon uwa ne babban garkuwarsa. Na ce, “Amma Ladi, ai na gaya miki a bayan rumbu ba nononki ba ne.”

“Ka gaya mini. Da na ji ba ka faɗa a zaure ba, sai na ce lallashina ka yi.”

Babu zafi a muryarta, da akwai da na fi samun sauƙi. Na zauna a tabarmar nan, ƙato da ni, da takardun shaida biyu a jaka, ina kuka a gaban mijinta. Ita ba ta yi ba. Ta jira na lafa, sannan ta matso kaɗan.

“Abu ɗaya zan tambaye ka. Da na ba shi, da yana nan?”

“Rai a hannun Allah yake, Ladi.”

“Na sani. Ba shi na tambaye ka ba.”

Na ɗaga kai na dube ta. Na ce, “Da yana nan, in Allah ya so.”

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka faɗa wa abin da ta daɗe da sani. Ta ce in gaishe da Inna, ta tashi ta koma wajen kaskonta don ƙulin ya fara ƙonewa. Ranar Juma'a na tsaya a ƙofar masallaci na faɗa, mutane suka ce Allah sarki, suka watse. Ladi ba ta sake haihuwa ba.